Turmin Inna a Shataletale

Duk ranar da za a kai ni asibiti duba hawan jini, sai mai keke ya bi da ni ta shataletalen nan na hanyar Kambarawa, ni kuwa da mun doso wurin sai in mai da fuskata wajen masu sayar da lemo. Yaran da ke raka ni suna tsammanin rana ce ke damun idona. Ba rana ba ce. A tsakiyar shataletalen akwai wani abu da aka kafa lokacin bikin al'adun da aka yi a garin nan: turamen daka ne aka ɗora wani kan wani har suka yi tsiri, aka shafe su da fenti, wannan ja, wannan kore, wannan shuɗi. Masu wucewa suna cewa ado ne. Turmin uwata yana cikin waɗanda aka jera a wurin, kuma na so in karɓo shi don in zaunar da jikata Hindatu a kansa ranar wankan aurenta, kamar yadda aka zaunar da ni. Abin da ya biyo baya shi ya ɓata tsakanina da wannan hanya.

Ba turame kaɗai bikin ya bar mana ba. A wata mararraba an ajiye wata ƙatuwar ƙwarya da aka yi da wani abu mai kama da roba, wadda mutum zai iya kwanciya a cikinta ya miƙe ƙafa. Rana ta fasa ta, yanzu awaki ne ke shan inuwa a gindinta. A hanyar Batagarawa kuma an tsayar da raƙumi na tarkacen ƙarfe, aka yi ta ɗaukar hoto da shi. 'Yan gwangwan masu tsintar ƙarfe suka fara da cire jelarsa, suka koma ƙafafu, yau ga shi can a gurfane ba don ya gaji ba. Waɗannan ba su dame ni ba, don ba daga ɗakin kowa aka fito da su ba. Turamen nan kuwa kowanne da gidan da aka ɗauko shi, kowanne da matar da ta san nauyinsa a ƙugunta.

Mu da muka tashi a unguwar Gobarau ba mu san agogo ba, turmi ne ke gaya mana inda rana ta kai. Da an sallame asuba za ka ji taɓarya ta farko ta faɗi a wani gida, can sai wata ta amsa daga bayan katanga, kafin gari ya gama wayewa unguwa duk ta ɗauka. Kana kwance za ka san abin da kowane gida ke ciki. Sussuka tana da ƙara mai faɗi, surfe yana da nauyi saboda an yayyafa wa gero ruwa, dakan gari ya fi su kaifi, kirɓin fura kuwa sai ka ji kamar turmin yana haɗiye taɓaryar. Idan manyan 'yan mata suka haɗu su uku a kan turmi ɗaya suna lugude, suna wurga taɓarya sama suna tafi kafin ta dawo, mu ƙanana sai mu bar sharar da aka sa mu mu tsaya baki buɗe. Ni ma da na isa na shiga, kuma har yau akwai tabo a haɓata na ranar da na yi tafi biyu a inda ɗaya ya kamata. A bakin turmi mata ke fitar da abin da ke ransu. Wadda miji ya ɓata wa rai ba ta kai ƙara gun kowa, sai ta sa shi a waƙar daka ba tare da ta kama suna ba, shi kuma yana zaure yana ji, yana gyaran murya. Ba zan yi ƙaryar cewa daka daɗi gare shi ba. Ya ba mu kanta a hannu, ya ba mu ciwon baya, kuma ranar da injin niƙa ya iso unguwarmu ni ma na yi murna. Amma yanzu in na farka da asuba, ban da kukan janareta babu abin da nake ji, kuma janareta ba ya gaya maka ko maƙwabcinka ya kwana lafiya.

Turmin Inna na kirya ne. Wani masassaƙi na wajen Batagarawa ya sassaƙa wa kakata shi, ita ta ba Inna, Inna ta bar mini. Sai maza biyu ke ɗaga shi. Shekaru sun mai da shi baƙi wuluk, bakinsa ya zaizaye ta gefe ɗaya inda taɓarya ta fi goga, kuma akwai wata tsaga a jikinsa da maƙeri ya ɗinke da ƙarfe tun kafin a haife ni. Yana da dokokinsa. Ba ya kwana baki sama, sai an kife shi. Ba a barinsa a ruwa, da hadari ya taso shi ake fara mirginawa cikin rumfa tun kafin a kwashe shanya. Namiji ba ya zama a kansa, yaro ma in ya hau sai ya sha rankwashi. Kuma wadda ta ari turmi ba ta mai da shi fayau, sai ta bar ɗan abin da ta daka a ciki, ko da cikin tafin hannu ne.

Wannan doka ta ƙarshe ita ta raya mu a wata shekara da ruwa ya ɗauke da wuri. Ina ƙarama lokacin, ban kai lugude ba. Babanmu ya tafi neman abinci kudu, ya daɗe babu labari, rumbu ya ƙare, tukunya ta ƙare. Inna mace ce mai tsananin kunya, ta gwammace ta mutu da a ce gidan mijinta babu hatsi. A unguwa irin tamu kuwa gidan da ba a ji taɓaryarsa da safe ba ya riga ya tona wa kansa asiri. Saboda haka sai ta riƙa tashi da asuba kamar kowa, ta zuba ƙaiƙayi a turmi, ta yi ta daka har gumi ya jiƙa mata zane, mu kuma muna zaune a bakin ƙofa cikinmu yana kuka. Maƙwabciyarmu ta bayan katanga wata tsohuwa ce da kowa ke kira Gwaggo Tasalla, mai kaifin baki, wadda yara ke gudu. Wata safiya Inna tana cikin dakan ƙaiƙayinta sai ga Gwaggo Tasalla ta yi sallama da ƙwarya a kai. Bayan sun gaisa, ta tambayi kwanan yara da labarin mai gida, sai ta sauke ƙwaryar.

"Ke ɗiyar nan, turmina ya tsage, ga shi na riga na jiƙa gero. Ara mani naki in surfa."

Ba ta dubi abin da ke cikin turmin ba. Ta juya baya tana gyara ɗaurin zanenta har Inna ta kwashe ƙaiƙayin. Ta surfa geronta tana mita a kan masassaƙan zamani, ta kwashi abin da bai kai rabi ba, ta ɗora ƙwarya a kai ta nufi ƙofa. Inna ta bi ta da murya ƙasa-ƙasa, ta ce Gwaggo ta manta gero a turmi. Tsohuwar ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Ina kika taɓa jin an maido turmin aro da yunwa?"

Haka ta riƙa zuwa kullum har aka yi kaka. Wata rana aka aike ni gidanta karɓo wuta, sai na ga turminta a kife a gindin bango, lafiyarsa lau, ko tsagar gashi babu. Na dawo da gudu na gaya wa Inna, ina tsammanin na zo da babban labari. Ta kama kunnena ta murɗa har na ga taurari, ta ce idona ya gani, amma bakina bai gani ba. Ban sake faɗa wa kowa ba sai yau da su duka suka kwanta dama. Irin mutanen da suka koya mini ma'anar aro ke nan, shi ya sa abin da aka yi mini daga baya ya tsaya mini a wuya.

Daka ba shi ne kaɗai aikin turmin ba. A gidanmu duk 'yar da za a kai ɗakin miji, a kansa ake zaunar da ita a yi mata wankan amarya. A kife shi a bayan ɗaki, a shimfiɗa sabon zane, tsohuwar gida ta kamo yarinyar tana kuka ta zaunar, a wanke ta da ruwan ɗumi da lalle da turare, mata suna guɗa daga waje. Kakata ta wanke Inna a kansa. Inna ta wanke ni, ina jin sanyin itacen ta cikin zane, tana gaya mini maganganun da ba a faɗa sai a wannan zama. Ni ma na wanke 'ya'yana mata a kansa, kuma da suka zo wankan jego shi suka hau. Bayan inji ya karɓe daka, wannan aikin ne ya rage masa, don haka nake shafa masa man gyaɗa lokaci-lokaci, ina ajiye da shi a rumfa.

Babban ɗana ne ya kawo masu aron. Ba zan faɗi sunansa ba, don ɗan fari ne, kuma mu a tarbiyyarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta hira da shi, ba ta tsayawa gardama da shi. Da aka yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, a hannunta ya girma, saboda haka bai tashi a gindin turmin nan ba. Shi ma da ya haifi 'yarsa ta fari, Hindatu, ni aka kawo wa ita tun tana tatata. Ma'aikaci ne a wani ofis, mutumin kirki, bai taɓa bari na nemi wani abu na rasa ba. Wata rana ya shigo da baƙi, wani saurayi mai ɗan gemu da jaka a kafaɗa, da wata budurwa mai ɗaukar hoto. Ba zan ci zalinsu ba, sun durƙusa har ƙasa sun gaishe ni. Saurayin ya ce shi mai fasaha ne, an ba shi aikin ƙawata gari saboda bikin da ke tafe, kuma yana so ya tara tsofaffin turamen cikin birni ya gina abin da zai girmama iyaye mata. Da aka kai shi rumfa ya ga namu, sai ya tsuguna yana shafa ɗinkin ƙarfen nan, yana cewa wannan tarihi ne. Ɗana ya matso kusa da ni, ya sunkuyar da kai.

"Inna, ai an daina daka a cikinshi. Aro ne za su yi, bayan biki a maido maki."

Me zan ce? Ga baƙi a tsaye, ga ɗan fari ya riga ya yi musu alkawari. In na ce a'a na kunyata shi a gaban mutanen da ya kawo, kuma bakina bai saba da musa masa ba. Sai na juya wajen matarsa na ce ta gaya wa mijinta wannan turmin wankan amare ne. Ta gaya masa. Ya yi murmushi ya ce ai kafin auren Hindatu turmi ya daɗe da dawowa. Na dubi ƙasa na ce to. A zamaninmu, idan uwa ta bi ta bakin wani ta kawo dalili, sannan ta ce to tana kallon ƙasa, ɗa ya san an hana shi ne, sai ya nemi dabarar sallamar baƙinsa. Shi bai san wannan karatun ba, wadda za ta koya masa kuwa ita ce al'ada ta hana ta zama da shi. Ina zaune aka mirgina turmin aka fita da shi, aka jefa a bayan a-kori-kura tare da na wasu gidajen, baki sama.

Ban je bikin ba, amma ya zo har ɗakina. Kwana da kwanaki ana kiɗa, ana jiniya, baƙi sun cika gari. Hindatu ta nuna mini hoton turamen a waya, an kewaye su da fitilu, manyan mutane suna tsaye a gabansu suna murmushi. Ta ce an yi jawabi mai daɗi a kan wahalar iyayenmu mata, har wasu suka share hawaye. Na tambaye ta wa ya ce a shafa musu fenti. Ta ce ai don su fito a hoto ne. Da biki ya tashi, washegari aka kwashe rumfuna, aka kwashe kujeru, aka kwance lasifika, don duk waɗannan suna da masu su, kuma masu su maza ne da suka san ƙofar ofis. Turame kuwa na tsofaffin mata ne da ke cikin lunguna. Aka bar su a nan.

Da farko ina sa kunne duk lokacin da mota ta tsaya a ƙofar gida. Da hadarin farko ya taso, na tashi da sauri na nufi rumfa kamar yadda na saba, sai da na isa na tuna turmin ba ya nan. Na tsaya ina kallon wurin da babu komai, ruwa yana dukan kwano, ina lissafin yadda yake sauka a kan itacen da bai taɓa kwana a waje ba. Na aika matar ɗana ta tuna masa. Gaskiya ya yi ƙoƙari. Ya je inda aka shirya bikin aka ce kwamiti ya watse. Ya je wani ofis aka ce abin ya zama kayan hukuma, wanda ya taɓa zai yi bayani. Ya je wani aka ce su ba a damƙa musu ba, ya koma inda ya fito. Ya samu saurayin nan a waya, yana wani gari yana ƙawata musu nasu bikin, ya yi ta ba da haƙuri, ya ce shi aikinsa ya ƙare ranar da aka buɗe, maidowa ba a hannunsa take ba. Damina ta wuce, wata ta biyo bayanta. Duk wanda na yi wa ƙorafi sai ya ce in yi haƙuri, ai abin alfahari ne a ce turmin gidanmu yana tsakiyar gari kowa yana gani. Na ce su kai tukunyar uwarsu tsakiyar gari su gani ko alfahari na dafa tuwo.

Ana haka Hindatu ta samu miji, wani malamin makaranta da ta zaɓa da kanta, aka sa rana. Yarinyar nan tun tana ƙarama take ɗare turmin nan ina koro ta, ina ce mata ta bari sai ranarta. Ita ce 'yar ƙarshe da zan wanke da hannuna, na san haka, don gwiwoyina sun riga sun gaya mini. Wata yamma tana tsefe mini kai sai ta ce, cikin wasan da muka saba, wai tsohuwa ta yi mata alkawarin kujera ga shi rana ta zo babu kujera. Na yi dariya don kada ta gane, amma maganar ta kwana a ƙirjina. Da safe na ce ta ɗauko mayafinta ta raka ni shataletalen.

A bakin titin akwai wani mai faci, Malam Sale, dattijo mai fara'a. Muka gaisa, ya tambayi gida da jiki da zafin gari, ya jawo mini benci. Da ya ga inda idona yake, bai jira na yi bayani ba.

"Hajiya, naki wane ne a ciki?"

Na tambaye shi yadda aka yi ya sani. Ya ajiye tayar da ke hannunsa.

"Ai kuna da yawa. Sukan zo su tsaya nan inda kike, su duba, su tahi. Akwai wata tsohuwa da ta riƙa zuwa duk Juma'a, nata shuɗin can ne na ƙasa. Yanzu na kwana biyu ban gan ta ba."

Shi ya tsayar mana da motoci muka tsallaka. Daga nesa abin yana da ɗan kyan gani, daga kusa kuwa sai da na dafa kafaɗar Hindatu. Ashe ba ɗora su aka yi kawai ba. An huda gindin kowane turmi, aka zura su a wani dogon bututun ƙarfe kamar yadda ake zura duwatsun wuya a zare, aka kafa bututun a siminti. Fitilun an daɗe da sace su. Fenti ya ɓaɓɓare yana zuba, gara ta yi hanya daga ƙasa ta hau, ledoji sun maƙale a tsakani. Na ɗaga kai ina bin su ɗaya bayan ɗaya har na gano namu a can wajen tsakiya, an shafe shi da ruwan ɗorawa, amma ɗinkin maƙeri ya yi tsatsa ya fito ta cikin fentin. Hannuna bai kai gare shi ba. Ban yi kuka ba, sai dai na ji na tsani bikin, na tsani masu jawabin, na tsani duk wanda ya tsaya a nan ya yi murmushi aka ɗauke shi hoto. Wanda zai huda gindin turmi ya san tun ranar ba aro yake yi ba.

Da muka koma gida na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na haife shi. Na aika aka kira mini ɗana, na sallami matarsa, na ɗaga kai na dubi tsakiyar idonsa.

"Turmin uwata nake so, kafin ranar lalle."

Ina jin sai a ranar ya san abin da ya ɗauka daga gidan nan. Washegari da hantsi ya ɗauki mai walda da tsani da 'yan dako suka tafi, ya ce in za a kama shi a kama shi. Rana tsaka, a gaban kowa, suka yanke kan bututun, suka riƙa zaro turame suna saukewa. Babu wanda ya ce musu don me. Mai ba da hannu a titi ma shi ya riƙa tsayar musu da motoci. Duk tsawon lokacin nan da ake tsorata mu da hukuma, ashe babu mai ko tunawa da abin yana wurin. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, don da mun sani da tun kafin ruwan farko mun je. Suka ciro namu, suka mai da na saman yadda suke, suka taho.

Da aka shigo da shi mutum ɗaya ne ya rungumo shi, turmin da a da sai maza biyu ke ɗagawa. Aka kife shi a tsakar gida. A daidai inda amarya ke zama akwai rami da dunƙulen hannu zai shige, itacen da ke kewaye da ramin kuwa ya yi laushi kamar ruɓaɓɓiyar kabewa. Ɗana ya tsuguna yana cewa kafinta zai iya toshewa, a sa katako a rufe, a kankare fentin. Ya ɗora tafin hannunsa ya danna don ya nuna mini da sauran ƙarfi. Gindin ya burma ciki, tsohuwar tsagar ta buɗe har ƙasa, turmin ya rabu biyu ya kwanta, gara ta watse a kan siminti. Ɗana, mutum mai furfura a gemu, ya zauna dirshan a gaban itace yana share ido da hularsa. Ya ce in yafe masa. Na ce na yafe, kuma da gaske nake, ɗana ne. Amma baki ya fi zuciya sauri, har yau tana baya tana tahowa.

Aka shiga unguwa neman turmin da za a ara. Gidan da aka shiga duk sai a ce nasu yana shataletale, ko kuma an daɗe da faskara shi. Abin da ya rage sai 'yan ƙananan nan na dakan yaji. Daga ƙarshe ɗana ya je kasuwa ya sayo sabo, fari fat, na itacen da ban san sunansa ba, marar nauyi har Hindatu tana ɗaga shi da hannu ɗaya. Na karɓa na yi godiya. Mata suka ce a fitar da ɓari biyun tsohon turmin a ba masu shara, na ce kada wanda ya taɓa, aka jingine mini su a bayan ɗakina.

Ranar wanka gida ya cika tun da safe. Ƙawayen amarya suna ta kai da kawowa da wayoyi a hannu, masu girki suna faɗa a kan tukwane. Ni na zauna a bayan ɗaki da wuƙa ina kankare ruwan ɗorawan nan daga jikin itacen, har baƙinsa na asali ya fito. Na sa aka faskara mini inda bai ruɓe ba, na cire ɗinkin ƙarfen na ajiye gefe. Na kafa murhu da kaina, na ɗora tukunyar ruwan wanka, na jera itacen a ƙarƙashinta na hura. Matar ɗana ta leƙo ta ce ga gas can, kada hayaƙi ya dame ni, na ce ta je ta ji da baƙinta. Kirya ba ta da gaggawa, a hankali take ci, ba ta tartsatsi. Na zauna ina kallo har ya zama garwashi, ruwa ya yi zafi.

Aka kamo mini Hindatu, an lulluɓe ta, tana kukan da amare ke yi, nata har da na gaske. Na zaunar da ita a kan sabon turmin, ya yi mata gajere har gwiwoyinta suka kusa taɓa haɓarta. Na sirka ruwan, na zuba lalle da turare, na yi bisimilla na fara zuba mata daga ka. Mata suka ɗauki guɗa a waje. Na gaya mata abin da Inna ta gaya mini, ban rage komai ba. Can da na kamfato wani ruwan sai ta ɗago kai, ido a rufe, ruwa yana bin fuskarta.

"Kaka, ruwan nan warin hayaƙi yake."

Na ce ta shaƙa da kyau, don ba za ta sake jin irinsa ba.